Ina son rubuta labarin auren haɗi a Indiya: ta ina zan kama?

"Assalamu alaikum Anti. Na rubuta littattafan soyayya biyu, duka a Kano labarinsu ya faru. Na ukun ina son ya kasance a Indiya: iyaye sun haɗa saurayi da budurwa aure ba su san juna ba, daga baya so ya shiga tsakaninsu. Na kai babi na biyar na tsaya cak, saboda duk abin da na sani na bikinsu a fim na gani. Wata ƙawata ta karanta ta ce bikin Kano ne na ɗaura wa sari. Ta ina zan gyara, kuma yaya auren nasu yake da gaske?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawar nan taki ki riƙe ta hannu bibbiyu, don ta faɗa miki abin da masu karatu da yawa za su ji a ransu su yi shiru. Idan na fahimce ki, abu biyu kike nema: yadda ake ƙulla auren haɗi a Indiya har a kai amarya, da kuma yadda za ki juya wannan ya zama labarin da zai kama zuciya. Na zauna shekara huɗu a Haidarabad lokacin da maigidana yake karatu, na shiga bukukuwan maƙwabta Musulmi da Hindu, na je wani a Delhi, kuma tun da na dawo nake duba rubutun marubuta kafin su fitar. Matsalar da kika kawo na sha ganinta. Ba laifinki ba ne. Mun tashi da finafinan Indiya a gidajenmu tun zamanin silima, har muka ɗauka mun san mutanen, alhali abin da fim ke nunawa yawanci bikin masu kuɗin Punjab ne da aka ƙara wa gishiri don a samu wurin sa waƙa.

Fara zaɓar gida

Kafin ki taɓa babi na biyar, ki amsa wa kanki: amaryar nan 'yar wane gida ce? Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na Indiyawa Hindu ne, kashi 14 Musulmi, sannan Kirista da Sikh da sauransu. Ko a cikin Hindun, bikin mutumin Punjab da na mutumin Tamil Nadu sun fi nisa da juna fiye da bikin Bakano da na Bayaraben Ibadan. A arewacin Indiya da dare ake ɗaura aure, ango ya zo a kan doki da ganguna. A Tamil Nadu sau da yawa da sassafe ake yi, ango ya fito da lema da sanda ya yi kamar ya fasa auren zai tafi birnin Kashi neman ilimi, uban amarya ya tare shi ya lallashe shi ya dawo. A Bangal 'yan'uwan amarya maza ne ke ɗaga ta a kan ɗan ƙaramin katako su zagaya ango da ita sau bakwai, ta rufe fuskarta da ganye biyu, sai an gama ta sauke su haɗa ido. Sikh kuwa littafinsu mai tsarki ango da amarya ke zagayawa sau huɗu, babu wuta a wurin.

Na taɓa duba wani rubutu inda amarya ta zagaya wuta sau bakwai, a shafi na gaba kuma aka ji tana cewa "qubool hai", wato "na amince" irin na auren Musulmi, a gaban alƙalin ɗaurin aure. Marubuciyar ta haɗa addini biyu a rumfa ɗaya ba ta sani ba. Irin wannan kuskuren zaɓar gida ɗaya ne maganinsa: gari ɗaya, addini ɗaya, yare ɗaya, da sana'ar uban yarinya. Da zarar kin ce, misali, 'yar mai shagon yadi ce Bahindiya a tsohon garin Delhi, rabin tambayoyinki sun amsa kansu.

Yadda ake haɗin

Mu idan muka ji iyaye sun haɗa aure, auren dole ne ke fara zuwa mana, domin shi littattafanmu na soyayya suka yi ta yaƙa tun shekarun 1980: yarinya na da saurayinta, uba ya ba wa tsoho mai kuɗi. Auren dole yana nan a Indiya, ba zan ɓoye miki ba, kuma har yau ana aurar da ƙananan yara a wasu karkara duk da dokar 2006 da ta hana. Amma auren haɗin da ake gina labaran soyayya a kansa wani abu ne daban. Iyaye ne ke nema, su tace, su kawo. Yaran kuma suna da bakin cewa a'a, ko da yake a'ar tana da tsada idan aka maimaita ta sau uku ko huɗu.

Neman yana farawa da takardar da suke kira biodata. Shafi ɗaya ne ko biyu mai ɗauke da hoto, shekaru, tsayi, karatu, albashi, aikin uba, yawan 'yan'uwa da waɗanda suka yi aure a cikinsu, har da launin fata, abin da ke ƙona ran 'yan mata da yawa a can. Takardar tana yawo ta hannun goggonni da masu dalilin aure, ta shafukan neman aure na jaridun Lahadi, yanzu kuma ta intanet irin su Shaadi.com, inda sau da yawa uwa ce ke riƙe da shafin ɗanta tana amsa saƙonni a madadinsa. Ki duba wannan da idon marubuci: yarinya ta karanta kanta a takarda kamar hajar kasuwa, ta ga an rage mata shekara ɗaya an ƙara mata haske. Babi guda ke nan.

Daga nan sai tankaɗe da rairaya. Na farko jati, wato rukunin da aka haifi mutum a ciki. Wani babban binciken gidaje da aka yi a 2011 zuwa 2012 ya gano kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na auren Indiya ke tsallake wannan iyaka. Na biyu gotra, zuriyar kakan kakanni ta wajen uba: a arewa dole jati ya zama ɗaya, gotra kuma ya bambanta, don masu gotra ɗaya tamkar wa da ƙanwa ake ɗaukarsu. Saboda haka kada ki sa Bahinde ɗan Delhi ya auri 'yar baffansa. Auren zumuncin da muke alfahari da shi abin ƙyama ne a wurinsu. A kudu kuwa akwai al'ummomin da ke aurar da yarinya ga ɗan kawunta ko ɗan goggonta, wani lokaci ma ga ƙanen mahaifiyarta, Musulmin Indiya kuma suna auren zumunci irin namu.

Na uku taurari. Ana kai ranar haihuwa da sa'a da garin haihuwar yaran biyu wurin mai duba, ya auna takardun taurarinsu da ake kira kundali. A lissafin arewa maki 36 ne, ana son a samu aƙalla 18. Akwai kuma wanda ake ce wa manglik, wanda tauraron Mirrihi ya faɗa wani gurbi a takardarsa, ana tsoron zai jawo wa abokin zamansa masifa. Yarinya kyakkyawa mai digiri biyu tana iya zama a gida shekaru saboda wannan kalma ɗaya. Ke da ni ba mu yarda da duba ba, amma mutanen labarinki wasunsu sun yarda, wasu kuma suna bi ne don kada kaka ta yi fushi, kuma a tsakanin waɗannan biyun rigima mai daɗin rubutawa take.

Idan duk an tsallake, sai zuwa ganin yarinya. Dangin saurayi su zo su cika falo, yarinya ta shigo da farantin shayi kowa yana kallon tafiyarta, a yi mata tambayoyi a kan girki da aiki, can sai wani babba ya ce a bar yara su gana. A tura su baranda ko saman soro na ɗan lokaci, ƙanne suna leƙe. A wannan 'yan mintoci za su yanke shawarar rayuwa. In da ni ce ke, a nan zan zuba ƙarfina, fiye da ranar bikin kanta. Me mutum zai tambayi wanda bai sani ba alhali ya san iyaye na jiran amsa a ƙasa? Abin da suka kasa tambaya a ranar shi zai riƙe miki littafin har ƙarshe. Idan an amince, a Punjab sai a yi roka, wato tsayar da magana, mai kama da baikonmu: daga ranar an daina nema.

Kuɗi da kishiya

Wurare biyu ne na fi kama marubutanmu suna rubuta Kano da sunan Indiya. Na farko kuɗi. Mu namiji ne ke kawo sadaki da lefe. A yawancin gidajen Hindu, iyayen mace ne ke ɗaukar nauyin biki, kuma su ne ke ba dangin ango dukiya, abin da ake kira dahej: gwal, kuɗi, mota ko babur, firji, wani lokaci har gida. An haramta shi da doka tun 1961, a 1983 kuma aka ƙara dokar hukunta miji da danginsa idan suka azabtar da mace, amma al'adar ba ta mutu ba, sai dai ta sauya suna ta koma "kyauta". Alƙaluman hukuma na shekarun baya-bayan nan suna nuna mata kimanin 6,000 ke rasa ransu duk shekara a rigimar dahej. Don haka uban amarya a labarinki mutum ne da ya fara tari tun ranar da aka haifi 'yarsa, mai sunkuyar da kai gaban surukai ko da ya fi su arziki. Idan kina neman yadda zuciyarsa take, ki tuna uban da kayan ɗaki da gara suka hana barci a unguwarku, sannan ki ninka. Kada ki sa an kawo akwatunan lefe goma sha biyu ana guɗa. Dangin ango suna kawo wa amarya sari da gwal, gaskiya ne, amma nauyin ba a wuyansu yake ba.

Na biyu kishiya. Dokar auren Hindu ta 1955 ta hana ƙara mata muddin ta farko tana nan, kuma dokar ta shafi Sikh da Jain da mabiya Buddha. Barazanar "zan ƙara aure" da muke tayar da hankalin masu karatu da ita ba ta da wurin zama a gidan Bahinde. Wadda ke cike wannan gurbin ita ce uwar miji. Amarya tana shiga gidan gandu ne, inda uwar miji ke riƙe da makullan gida, ga faccaloli, ga ƙannen miji mata. Mijin da ya girma uwarsa na zuba masa abinci da hannunta yanzu yana tsakanin mata biyu, kuma bai san ɗayar ba tukuna. Wannan ya ishe ki rikici ba sai kin ƙirƙiro tsohuwar budurwa mai makirci ba.

Kwanakin biki

Zan bi miki bikin Hindu na arewa, tunda shi kika fi gani. Mai duba ne ke fitar da rana da sa'a, kuma akwai wata huɗu na damina zuwa kaka da yawanci ba a aure a cikinsu, shi ya sa daga Nuwamba bukukuwa ke ɓarkewa a Delhi, dare ɗaya ki ji ganguna ta ko'ina. Ki sa bikinki cikin sanyi, mutane na rawar ɗari cikin kayan ado.

Ana fara da lalle, kuma a nan kina gida, don mun san zaman lalle. Bambancin shi ne mai zanen takan ɓoye sunan ango ko harafin farko na sunansa a cikin zanen, shi kuma ya nemo a daren farko. Ki lura da amfanin wannan ga mutane biyu da ba su taɓa riƙe hannun juna ba: al'ada ce ta ba shi dalilin kama hannunta ya daɗe yana kallo. Mata kuma suna tsokanar amarya cewa gwargwadon yadda lallen ya kama, gwargwadon son da miji ko uwarsa za su yi mata. Akwai daren waƙa da rawa, sangeet. Akwai haldi, inda dangi ke shafa wa ango da amarya kwaɓin kurkum, kowa a gidansu. A Punjab kawun amarya na wajen uwa ne ke sa mata awarwaro ja da fari da za ta daɗe tana sawa bayan biki.

Ranar aure ango ya taho da tawagarsa, baraat, a kan goɗiya fara, abokai suna rawa a gabansa, tafiyar minti goma ta ɗauki awa biyu. A ƙofa maza na ɓangarorin biyu su rungumi juna, kawu da kawu, baffa da baffa. Ango da amarya su rataya wa juna sarƙar furanni, abokan ango suna ɗaga shi sama don kada ta kai wuyansa da sauƙi. Da ya cire takalmi zai shiga rumfar aure, ƙannen amarya mata su sace takalmin, ba za su mayar ba sai ya biya, ciniki mai kama da na sayen baki.

Cikin rumfar, gaban wuta, malaminsu na karatu da Sanskrit, tsohon harshen ibadarsu, wanda yawancin mahalarta ba sa ji. Uba ya ɗora hannun 'yarsa a hannun ango, kanyadaan ke nan, bayar da 'ya. A ɗaure gefen mayafinta da nasa, su zagaya wutar. Wasu sau bakwai, Gujaratawa sau huɗu. Sai taku bakwai, saptapadi, kowane taku da alƙawarinsa, na abinci, na ƙarfi, na arziki, har na bakwai wanda na abota ne. Dokar 1955 ta ce inda al'adar gidan ta ƙunshi wannan, da taku na bakwai aure ke ƙulluwa. Kafin shi ana iya fasawa, bayansa sai kotu. Idan kina son wani ya yi shakka, ko wani ya shigo da labari, ki san a wane taku kike. Bayan haka ango ya ɗaura mata mangalsutra, sarƙa mai baƙaƙen duwatsu, ya zuba mata jan gari, sindoor, a tsagar gashinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne vidaai, fitar amarya. A bikin da na je a Delhi gari ya kusa wayewa, baƙi sun watse, saura 'yan gida. Amarya ta cika hannu da shinkafa tana watsawa ta bayan kanta, ba ta waiwaya ba, uwarta na biye tana tarewa da gefen mayafi. Ma'anarsa tana biyan gidan abin da ta ci, tana bar musu albarka. Uban da ya yini yana ba da umarni ya jingina da mota yana kuka kamar yaro, 'yan'uwanta maza suka tura motar da hannu ta fara tafiya. Na tsaya ina hawaye don na tuna daren da aka kai ni. A gidan miji kuma ta ture tukunyar shinkafa da ƙafar dama a bakin ƙofa, ta taka ruwa mai ja ta shiga tana barin sawu. A jefa zobe cikin kwanon madara su yi rige-rigen lalubowa, a ce wanda ya samu shi zai mulki gidan. Akwai ganin fuska da kyaututtuka kamar buɗar kanmu, da girkin farko wanda abu mai zaƙi take dafawa.

Inda son zai shiga

Kada ki jera waɗannan duka kamar mai ba da rahoto. Ƙa'idar da nake ba marubutan da nake duba wa aiki ita ce, kowace al'ada da za ta shiga littafi sai ta canza wani abu tsakanin mutum biyun. A kwanon madara, ango ya taɓa zoben ya tura mata a ɓoye don ta yi nasara gaban danginsa, ita kaɗai ta sani. A motar vidaai, ba ya cewa ta daina kuka, ya miƙa mata ruwa ya juya fuska don ta yi kukanta a sake. Al'ada huɗu ko biyar da aka yi wa haka sun fi ashirin da aka lissafa.

Ƙarfin labarin auren haɗi shi ne an juya tsarin da muka saba. Aure ya riga so, don haka tambayar "za su samu juna?" ta faɗi, saura "za su san juna?" Wannan tafiyar hawainiya take so. Kuskuren da na fi gani shi ne a mayar da mijin azzalumi na babi ashirin, yana zagi yana mari, sannan dare ɗaya ya narke a ce so ne. Ina roƙonki kada ki bi wannan hanya; 'yan mata ƙanana ne ke karanta mu, kuma suna koyon abin da za su haƙura da shi daga wurinmu. Baƙunta kaɗai ta isa shinge. Ga kunya, ga gida cike da mutane babu wurin keɓewa, ga abin da kowannensu ya bari a baya, karatu ko aiki ko wani da aka taɓa so. A gidajen gargajiya na arewacin Indiya mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce "suniye", wato "ji mana", kamar yadda iyayenmu mata ke kauce wa sunan maigida. Ranar da ta fara kiran sunansa tana iya zama ƙololuwar littafinki.

Akwai wata hanya da za ta fi miki sauƙi, ki yi tunani a kanta: ki mayar da gidan na Musulmin Haidarabad ko Lakno. Akwai sadaki, mehr, akwai waliyyi da shaidu, alƙali ya je wurin amarya ya tambaye ta yardarta, a sa hannu a takardar nikah, a yi rukhsati a kai ta, ango ya yi walima. Suna da wata al'ada da na gani da idona a Haidarabad, arsi mushaf: a lulluɓe ango da amarya da mayafi ɗaya, a ajiye Alƙur'ani da madubi a tsakaninsu, su fara ganin fuskar juna a cikin madubin. Ga labarin mutanen da ba su san juna ba, da wuya ki samu fage da ya fi wannan. Sai dai ki sani dahej ya shiga gidajen Musulmi ma, da sunan jahez. Idan kuwa kin tsaya a kan gidan Hindu, ki rubuta ibadarsu yadda su suke ganinta, ba ba'a ba kuma wa'azi a tsakiyar fage.

Abin da na gaya miki na gidajen da na shiga ne da abin da na karanta, kuma baƙuwa ce ni a can ko da na shekara huɗu. Al'ada takan bambanta daga layi zuwa layi, kaka biyu a gida ɗaya ma sukan yi gardama a kan wanne ke gaba da wanne. In kin zaɓi gidanki, ki nemi mutumin wannan al'ummar ya ji babin bikin. Akwai Indiyawa da suka daɗe a Kano, akwai ɗalibanmu da suka yi karatu a can, akwai kuma bidiyon bukukuwan talakawa na gaske a YouTube, masu tsawon awa uku babu waƙar fim. Ki kalli ɗaya daga farko har ƙarshe da biro a hannu, ki rubuta wanda ke tsaye kusa da amarya, wanda ke riƙe da jakar kuɗi, da wanda ba ya dariya. Sannan ki koma babi na ɗaya, ki rubuta biodatar yarinyar da hannun mahaifiyarta, ki turo mini in gani.